Wasiƙa ga Edita: Yadda ya kamata a karanta labarin gwajin magani a kan kifi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani fanni na binciken magunguna wanda labarinsa kan fito jefi-jefi a shafukan kimiyya da lafiya, amma sau da yawa yakan iso wa mai karatu a taƙaice ƙwarai. Ina nufin gwajin da masana ke yi na zuba magani a ruwan da kifi yake ciki domin su ga yadda halayyarsa za ta sauya. Na lura cewa idan irin wannan labari ya fito, masu karatu kan kasu gida biyu. Wasu suna ɗaukarsa aikin banza, suna tambayar me ya haɗa kifi da ɗan Adam, wasu kuma da zarar sun ji an ce magani kaza ya rikita kifi sai hankalinsu ya tashi, har su fara tunanin ajiye maganin da likita ya rubuta musu. Ni a ganina dukkansu biyun ba su yi wa wannan aiki adalci ba, kuma na biyun ne suka fi ba ni tsoro, domin nasu kuskuren yana iya kai mutum ga kwanciya a asibiti.

Ya kamata a fara da dalilin da ya sa ake buƙatar gwajin tun asali. Idan magani yana cutar da hanta ko ƙoda, gwajin jini yakan tona asirinsa, amma babu gwajin jinin da zai nuna cewa magani yana hana barci, ko yana kawo munanan mafarkai, ko yana jefa mutum cikin fargaba da baƙin ciki. Irin wannan illa sai a halayya ake ganinta, kuma sau da yawa ba ta bayyana sosai sai maganin ya shiga hannun jama'a masu yawa, domin gwajin da ake yi a jikin mutane kafin a ba da izini bai cika wuce 'yan dubbai ba. Maganin rage ƙiba mai suna rimonabant ya samu izini a Turai a 2006, amma a 2008 aka dakatar da sayar da shi saboda ciwon damuwa da tunanin kashe kai da aka gani a tsakanin masu shan sa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya gargaɗi mafi tsanani a kwalin mefloquine, maganin zazzaɓin cizon sauro, a 2013, sannan ta yi haka ga montelukast, maganin asma, a 2020, dukkansu saboda illa ga tunani da halayya. Duk wanda ya dubi waɗannan misalai zai gane cewa hanyar da za ta ba da ishara tun da wuri, kafin magani ya kai ga mutum, abu ne da ya cancanci a kashe masa lokaci da dukiya.

Kifin da aka fi amfani da shi ɗan ƙarami ne, wanda ake kira kifin zebra saboda zanen jikinsa irin na jakin dawa, kuma asalinsa daga ƙoramu da gonakin shinkafa na Kudancin Asiya ne, a ƙasashe irin su Indiya da Bangaladash. Babbansa bai cika wuce santimita 4 ba. Wani masani mai suna George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka ne ya kafa harsashin amfani da shi a ɗakin gwaje-gwaje, kuma rahotonsa na 1981 ne ya jawo hankalin sauran masana. Macen tana iya zuba ƙwai ɗari biyu ko fiye a mako, ƙwan kuma garai-garai yake, ta yadda mai bincike zai sa shi a ƙarƙashin madubin likita ya ga zuciya ta fara bugawa bayan kimanin kwana guda. Cikin kwana biyu zuwa uku ya ƙyanƙyashe, a kwana na biyar kuma ɗan kifin yana iyo yana farautar abinci da kansa. A 2013 ne cibiyar Sanger ta Birtaniya ta wallafa cikakken tsarin ƙwayoyin gadonsa, inda aka ga cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwarori a jikin wannan kifi. Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, irin su serotonin da dopamine da GABA, waɗanda akasarin magungunan barci da na damuwa da na farfaɗiya suke aiki a kansu, duk akwai su a ƙwaƙwalwar kifin.

Bari in bayyana yadda aikin yake a zahiri, domin wanda bai san shi ba yakan zaci ana jefa ƙwayar magani ne a tanki a zauna ana kallo. Ana ɗaukar faranti na roba da bai fi tafin hannu ba, mai ƙananan ramuka 96, a sa ɗan kifi guda a kowane rami cikin ɗan ruwa kaɗan. Ɗan kifin a wannan lokaci tsawonsa kimanin milimita 4 ne. Wasu ramukan ana ɗiga musu magani a ma'auni daban-daban, wasu kuma a bar su ba magani domin su zama abin kwatance. Sai a rufe farantin a cikin akwati mai ɗumin kusan digiri 28, a ƙarƙashin kyamarar da ke gani ko a cikin duhu, kwamfuta kuma tana bin kowane ɗan kifi tana rubuta nisan da ya yi, da saurinsa, da tsawon lokacin da ya tsaya cik. Idan aka kashe fitila ba zato, lafiyayyen ɗan kifi yakan ƙara kai-komo na wani lokaci, idan aka ƙwanƙwasa farantin yakan lanƙwashe jiki ya zabura, idan kuma aka yi ta maimaita ƙwanƙwasawar sai ya saba ya rage zabura. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan martani yana da hanyarsa a jijiyoyi, saboda haka maganin da ya taɓa hanyar yakan bar sawu a lissafin kwamfutar.

Manyan kifayen kuwa nasu gwajin daban ne. Idan aka saka babban kifi a tankin da bai saba da shi ba, yakan nutse ƙasa ya lafe, wani lokaci ya sandare, sai bayan 'yan mintoci ya fara leƙa saman ruwa. Magungunan rage fargaba suna sa shi ya hau sama da wuri, sinadarin kafin da ke cikin kofi kuwa, idan ya yi yawa, yana ƙara masa zama a ƙasa. Ana kuma duba yadda suke tafiya a garke, domin kifi ne mai son jama'a, kuma wasu magunguna suna wargaza garken.

Wannan hanya ta haifar da sakamakon da ba wanda zai raina. A 2010 ƙungiyar masana a Jami'ar Harvard, ciki har da Jason Rihel da Alexander Schier, ta gwada sinadarai kusan 4,000 a kan barci da farkawar 'ya'yan kifi, suka tarar cewa magungunan da ke aiki ta hanya ɗaya a jikin mutum sukan haifar da salon motsi iri ɗaya a kifi, har ana iya hasashen yadda baƙon sinadari yake aiki daga salon da ya bari. A shekarar ce kuma David Kokel da Randall Peterson suka gwada sinadarai kimanin 14,000 ta hanyar haska wa 'yan tayin kifi fitila mai ƙarfi suna auna yadda suke mutsu-mutsu a cikin ƙwai. Babu ɗakin gwajin da zai iya yin wannan adadi da ɓeraye cikin lokaci da kuɗi irin wannan. A 2013 Scott Baraban na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya yi aiki da kifayen da ke da naƙasa a ƙwayar gado irin wadda ke haddasa cutar Dravet, wata muguwar farfaɗiya da ke kama jarirai, kuma waɗannan kifaye suna jijjiga da kansu. Ya gwada musu magunguna 320, aka dace da wani tsohon maganin ƙaiƙayi da borin jini mai suna clemizole wanda ya kwantar da jijjigar, daga baya kuma aka kai shi gwaji a jikin marasa lafiya. Haka nan a gefen jikin kifi akwai jerin ƙwayoyin ji masu gashi, 'yan uwan waɗanda ke cikin kunnen mutum, da su yake gane motsin ruwa. Magungunan da aka sani suna kurmantar da mutane, irin su gentamicin da neomycin da maganin ciwon daji mai suna cisplatin, suna kashe waɗannan ƙwayoyi a kifi ma, kuma masana a Jami'ar Washington sun daɗe suna amfani da wannan wajen neman abin da zai kare kunnen majiyyaci.

To, ranka ya daɗe, a nan ne nake son in fi tsayawa, domin abin da ya sa na rubuto ke nan. Duk wannan nasara ba ta nufin cewa abin da ya faru da kifi shi ne zai faru da mutum, kuma babbar matsala ita ce ta ma'auni. Mutum yana haɗiyar ƙwaya, ta bi hanji, ta ratsa hanta, wani kaso ya shiga jini, likitoci kuma sun san yawan da ke cikin jinin. Ɗan kifi kuwa a cikin maganin yake zaune tsamo-tsamo, yana shigarsa ta fata da baki, kuma yawan da aka zuba a ruwa ba shi ne yawan da ya isa ƙwaƙwalwarsa ba. Maganin da ya fi narkewa a maiƙo yakan taru a jikinsa fiye da abin da ke cikin ruwan nesa ba kusa ba, wanda kuma ya fi narkewa a ruwa yana iya ƙin shiga kusan gaba ɗaya. Wani bincike da David Milan da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya nuna haka ƙarara. Sun ɗauki magunguna 23 da aka san suna rikita bugun zuciyar mutum, suka zuba su a ruwan 'ya'yan kifi, 18 suka rage bugun zuciyar kifin, biyar kuma ba su nuna komai ba. Da aka yi wa kifayen allurar waɗannan biyar kai tsaye, huɗu daga ciki suka nuna illarsu, wato tun farko ba su shiga jikin kifin ba ne. Darasin ya shafi gwajin halayya kamar yadda ya shafi na zuciya: idan kifi bai nuna komai ba, ba a wanke maganin ba tukuna, idan kuma ya nuna, sai an tambaya ko yawan da ya shiga jikinsa ya yi kusa da abin da ke jinin majiyyaci ko ya ninka shi sau ɗari. Kusan kowane sinadari zai rikita halitta idan aka cika shi, har sinadarin DMSO da ake narka magungunan a cikinsa yana sauya motsin kifi idan ya wuce kima.

Matsala ta biyu ta fassara ce. Kyamara nisa da sauri kawai take aunawa, sauran bayanin mutum ne yake ɗora shi. Ɗan kifin da ya daina motsi yana iya kasancewa barci ya ɗauke shi, ko tsokarsa ta saki, ko idonsa ya daina gani, ko zuciyarsa ta raunana, ko kuma guba ce take kashe shi a hankali, kuma duk waɗannan a allon kwamfuta layi ɗaya ne da ya faɗi ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza, amma gano abin da ya tsamar da shi aiki ne na daban, wanda ke buƙatar a duba zuciya da ido da tsoka, a wasu lokuta ma a auna wutar ƙwaƙwalwa kamar yadda masu binciken farfaɗiya suke yi kafin su kira wani motsi jijjiga. Masana masu taka-tsantsan shi ya sa suke rubuta cewa kifi ya nuna halayya mai kama da fargaba, amma kafin maganar ta iso kanun labari sai ta koma wai magani ya sa wa kifi ciwon damuwa. Tsakanin waɗannan jimloli biyu akwai tazara mai yawa. Ƙwaƙwalwar kifi ba ta da ɓangaren sama mai hawa-hawa irin na mutum, ba shi da huhu, hantarsa ba kowane magani take sarrafawa kamar tamu ba, kuma ɗan kifi mai kwana biyar halitta ce da ba ta gama ginuwa ba, har shingen da ke tace abin da zai shiga ƙwaƙwalwa daga jini bai gama ƙwari ba.

Ga kuma saurin sauyawar halayya ita kanta. Lokacin da aka yi gwajin, safe ne ko yamma, da ɗumin ruwa, da ƙarar da ke ɗakin, da zuriyar kifin, da yadda aka kamo shi da raga, duk suna iya juya sakamako. A 1999 John Crabbe da abokansa sun gudanar da gwajin halayya iri ɗaya a kan ɓeraye a ɗakunan bincike uku, suka daidaita duk abin da za su iya daidaitawa, amma sakamakon ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Idan haka ta faru da ɓera, babu dalilin zaton kifi ya tsira. Saboda haka bincike mai inganci yakan raba kifayen ta hanyar ƙuri'a, ya ɓoye wa mai dubawa wane rukuni ne aka ba magani, ya kuma maimaita gwajin da ƙwai daga iyaye daban-daban. Rahoton da bai faɗi ko an yi haka ba, ni ba na ba shi cikakkiyar amana.

Ba zan wuce ba tare da na yi magana a kan kifin kansa ba, domin mai rai ne, kuma araharsa ba ta sauke mana nauyinsa ba. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Sukotlan sun nuna cewa wani nau'in kifi na ruwan sanyi yana da jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon rauni a fuskarsa, kuma da aka sa masa sinadari mai zafi a leɓe ya daina cin abinci na wani lokaci, yana goga bakinsa a tsakuwar tanki. Har yanzu masana suna muhawara a kan ko abin da kifi ke ji ya kai a kira shi raɗaɗi irin namu, amma ra'ayina shi ne shakka a irin wannan wuri dalili ce ta tausasawa. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 tana kare ɗan kifi daga lokacin da ya fara ciyar da kansa, wanda ga kifin zebra ake lissafa shi kwana biyar bayan haɗuwar ƙwai, kuma wannan ne ya sa gwaje-gwaje da dama suke ƙarewa kafin wannan rana. Iyakar doka ce, ba wai a daren kwana na biyar ne ji yake sauko masa ba. Tun 1959 wasu masana biyu, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar cewa a maye gurbin dabba idan akwai wata hanya, a rage yawanta, a kuma sauƙaƙa mata wahala, kuma ƙa'idar ta hau kan kifi kamar yadda ta hau kan ɓera. Abin da wasu ba su lura da shi ba shi ne kyautata wa kifin yana cikin ingancin binciken, domin kifin da aka cunkushe a tanki, ko aka ware shi daga garkensa, ko aka wahalar da shi wajen kamu, ya riga ya firgita kafin magani ya taɓa shi, kuma duk abin da aka auna a jikinsa gurɓatacce ne.

Akwai wani ɓangare na wannan bincike inda kifin ba wakilin mutum ba ne, shi ne abin ya shafa kai tsaye. Magungunan da muke sha suna fita ta fitsari, matatun ruwan ƙazanta kuma ba sa cire su duka. A 2013 Tomas Brodin da abokansa na Jami'ar Umeå a Suwidin sun gano maganin rage fargaba mai suna oxazepam a kogin Fyris da kuma cikin naman kifayensa, sannan suka gwada shi a ɗakin bincike a ma'aunin maikurogiram 1.8 a kowace lita (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), suka ga kifayen sun ƙara kai-komo, sun rage zama da 'yan uwansu, sun kuma ƙara saurin cin abinci. Ga ƙaramin kifi, barin garke hanya ce ta faɗawa bakin babba. Wani bincike na 2022 da ya auna ruwan koguna 258 a ƙasashe 104 ya nuna cewa ragowar magunguna a ruwa matsala ce ta duniya baki ɗaya. A wannan ɓangare sakamakon ya fi kusa da gaskiyar abin da ake tambaya, tunda kifi ake gwadawa domin a san halin kifi, sai dai ko a nan ma dole a duba ko ma'aunin da aka yi amfani da shi ya yi daidai da abin da ke cikin kogi.

Roƙona gare ka da marubutan shafin lafiya shi ne, duk lokacin da za a buga irin wannan labari, a faɗa wa mai karatu tun a sakin layi na farko cewa a kan kifi aka yi gwajin, a faɗi ko 'ya'ya ne ko manya, a kuma nemi sanin yadda ma'aunin yake idan aka kwatanta da abin da majiyyaci ke sha, da ko an ga irin wannan illa a dabbobi masu shayarwa ko a mutane. Idan rahoton masanan bai amsa ba, a rubuta cewa mataki ne na farko. Ina kuma roƙon a riƙa haɗawa da gargaɗin cewa kada kowa ya daina shan magani saboda labarin kifi, domin yanke maganin farfaɗiya ko na damuwa farat ɗaya yana iya dawo da ciwon da ƙarfin da ya fi na da. Wanda ya ga barcinsa ya lalace, ko halinsa ya sauya, ko ɗansa ya fara firgita da dare bayan an fara ba shi wani magani, ya koma wurin likita ko mai harhaɗa magunguna ya faɗa, ya kuma nemi a rubuta rahoton zuwa hukumar kula da magunguna. Irin waɗannan rahotanni ne ake tarawa a ƙarƙashin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan illar magunguna, wanda aka fara a 1968 kuma cibiyarsa take a birnin Uppsala na Suwidin, kuma da su ake tabbatar da zargin da gwajin kifi ya tayar ko a kore shi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai karatu